A Ƙirga Kafin A Dangwala Yatsa

An shawarci shugabannin ƙungiyoyin manoma da masu unguwanni da ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci na Birnin Zazzau da su daina sa hannu ko dangwala yatsa a kan takardar karɓar kaya ko ta kammala aiki, har sai sun karanta ta, sun ƙirga kayan, sun kuma gwada su. Wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati wanda ya daɗe yana aikin sayayya a shirye-shiryen raya karkara, shi ne ya ba da wannan shawara cikin wata lacca da ya gabatar a wata makarantar firamare da ke cikin ganuwa. Ga bayanin laccar tasa domin amfanin masu karatu.

DALILIN TARUWA

Bayan an buɗe taro da addu'a, malamin ya fara da cewa ba sai an gaya wa manomin ƙasar Zazzau yanayi ya canja ba, domin shi ne ya fara gani a gonarsa. Ya ce ƙasar Zariya takan sami ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, daga watan Mayu zuwa Oktoba, amma yanzu sau da yawa ruwa yakan sauka a yi shuka, sa'an nan ya ɗauke ƙafa har shuka ta ƙone, in ya dawo kuma cikin Agusta sai ya zo da ƙarfin da ƙasa ba ta iya shanyewa. Ya ce a cikin birni kududdufan da kakanni suka haƙa suka yi gini da ƙasarsu, su ne suke tare ruwa a da, amma an cike da yawansu da shara ko an yi gini a kai, don haka ruwan yakan bi lunguna ya jiƙa gindin katangun gidajen ƙasa. A bakin rafin Kamaca da Kubanni da kogin Galma kuwa, zaizayar ƙasa tana cin gonaki, yashi yana binne fadamu.

Ya ce saboda irin waɗannan matsaloli ne ake kawo shirye-shiryen dashen itatuwa da gina magudanun ruwa da gyaran madatsu da raba injinan ban-ruwa. To amma itace ba ya dasa kansa, kwalbati kuma ba ta gina kanta. Dole wani ya sayo, wani ya ba da kwangila, wani ya biya. A nan ne, in ji shi, ake yanke hukuncin ko kuɗin zai zama aiki ko zai ƙare a takarda.

KUƊIN RANCE NE

Malamin ya tunatar da jama'a cewa hulɗar wannan yanki da Bankin Duniya ba yau ta fara ba. A shekarar 1975 aka fara shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa, tare da na Gusau da Gombe, lokacin Funtuwa tana cikin Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda daga baya ta zama Jihar Kaduna. A farkon shekarun 1990 aka shigo da shirin Fadama na ɗaya, wanda ya yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injinan ban-ruwa a fadamu. A 2012 aka amince da shirin NEWMAP na yaƙi da zaizayar ƙasa, wanda ya fara daga jihohin kudu, daga baya ya iso wasu jihohin arewa kamar Kano da Sakkwato. Sa'an nan a watan Disamba na 2021 Bankin Duniya ya amince da Dala miliyan 700 don shirin ACReSAL, wanda ya haɗa jihohin arewa 19 da Abuja, da nufin farfaɗo da hekta miliyan 1 na ƙasar da ta lalace cikin shekara shida. Jihar Kaduna tana cikinsu.

Daga nan sai ya nemi kowa ya buɗe kunne da kyau. Ya ce mutane da yawa suna cewa ai kuɗin Turawa ne, kyauta ce, kome aka ba su sai godiya. Wannan kuskure ne babba. Wancan kuɗi na ACReSAL rance ne. Ruwan da ke kansa kaɗan ne, an kuma ba da shekaru masu yawa kafin a gama biya, amma biya dai ba fashi. Wanda zai biya shi ne ɗan Nijeriya, har da yaran da ke aji ɗaya yanzu. Don haka idan aka sayo injin da bai yi wata uku ba ya mutu, injin ya tafi, bashin yana nan. Ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

JAMI'IN SAYAYYA ƊAN AIKE NE

Domin jama'a su gane aikin jami'in sayayya, malamin ya kawo misalin maigidan da ya aiki ɗansa kasuwar Giwa ya auno masa masara buhu goma. Ɗan kirki zai tambayi farashi wurin mutum biyu ko uku, ya zura hannu cikin buhu ya ga ba a cusa dusa ko tsakuwa a ƙasa ba, ya tsaya a auna a gabansa, ya kawo masara da canji da lissafi. Ya ce to wannan shi ne aikin jami'in sayayya, sai dai shi maigidansa jama'a ne, kuɗin da ke hannunsa kuma miliyoyi ne, lissafinsa kuwa dole ya kasance a rubuce.

Ya ce aikinsa na farko shi ne tsara jadawalin sayayya, wato jerin dukkan abin da shirin zai saya, da kimanin kuɗinsa, da hanyar da za a bi a saye shi, da lokacin da ake bukatarsa. Ana shigar da wannan jadawali cikin kwamfuta, sai Bankin Duniya ya gani ya amince kafin a taɓa kwabo. Abin da ba ya cikin jadawali, ba a sayensa da kuɗin shirin.

Aiki na biyu shi ne zaɓen hanya. Idan ƙaramar sayayya ce, kamar shebur da baro da bokitan ban-ruwa, akan nemi farashi a rubuce daga 'yan kasuwa aƙalla uku a kwatanta. Idan babban aiki ne, kamar gina magudanar ruwa ko gyaran madatsa, sai a buga sanarwa a jaridu, a ba kowane ɗan kwangila takardar sharuɗɗa iri ɗaya da wa'adi iri ɗaya. Ranar da wa'adi ya cika, a buɗe ambulan a bainar jama'a, a karanta sunan kowane kamfani da kuɗin da ya nema da ƙarfi, kowa ya ji. Takardar da ta zo bayan lokaci ba a buɗe ta, ko ta wane ce.

Aiki na uku shi ne ajiye takardu. Ya ce jami'in da ba ya iya fito da fayil ɗin kwangila daga sanarwa har zuwa rasit na ƙarshe, ko bai ci kome ba ya jawo wa kansa zargi.

BA A BAR WA HANNU ƊAYA

Malamin ya ci gaba da cewa an raba wannan aiki tsakanin mutane da yawa da gangan, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ya jera su kamar haka.

Akwai shugaban shirin na jiha, wanda nauyin kome ke wuyansa. Akwai injiniya ko malamin gona ko malamin daji, wanda shi ne yake rubuta siffar abin da ake so, kamar kaurin rodi da yawan siminti, ko ƙarfin inji, ko irin itacen da tsawon dashen. Jami'in sayayya ba shi da ikon canja wannan siffa don ta dace da kayan abokinsa. Akwai kwamitin tantancewa, wanda ke zama ya auna takardun 'yan kwangila bisa sharuɗɗan da aka buga tun farko, ba a ƙara wani sharaɗi bayan an buɗe ambulan. Duk ɗan kwamitin da ke da ɗan'uwa ko suruki ko hannun jari a cikin masu nema, wajibi ne ya faɗa ya tashi.

Akwai akanta, wanda shi ne mai biya, kuma ba ya biya sai ya ga shaidar an kawo kaya ko an yi aiki. Akwai mai binciken kuɗi, wanda ke bin sawun kowa. Akwai jami'an kula da muhalli da walwalar jama'a, waɗanda ke tabbatar da cewa wanda magudanar ruwa za ta ci gonarsa ko katangarsa an biya shi diyya kafin katafila ta shigo. Sa'an nan akwai Bankin Duniya kansa. A manyan kwangiloli ba a sa hannu sai Bankin ya duba ya aiko da takardar cewa ba shi da ja. Ƙanana kuwa yakan zo daga baya ya zaɓi wasu ya bincika. Idan ya tarar an karya ƙa'ida yana iya ƙin biyan kuɗin wannan kwangila, kamfanin da aka kama da zamba kuma a sa sunansa cikin jerin waɗanda aka haramta wa aiki, jerin da kowa ke iya gani a intanet.

Ya ƙara da cewa kafin a sa hannu a babbar kwangila akan sanar da waɗanda suka faɗi, a dakata kwana goma na aiki, domin wanda ke ganin an zalunce shi ya kai kuka. Ya ce ƙasarmu ma tana da nata dokoki. Gwamnatin tarayya ta kafa dokar sayayya a 2007, wadda ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara biyar ba, babu zaɓin tara, ga ma'aikacin da aka kama da laifi. Jihar Kaduna kuma ta yi tata dokar a 2016, da hukumar da ke kula da ita.

ARAHA DA LOKACI

Wani abin da malamin ya daɗe a kansa shi ne batun araha. Ya ce mutane suna zaton wanda ya faɗi kuɗi mafi ƙanƙanta shi ake ba kwangila kai tsaye. Ba haka ba ne. Sai an fara duba ko ya taɓa yin irin aikin, ko yana da kayan aiki da ma'aikata, ko kayansa sun cika siffar da aka nema. Ya ce injin ban-ruwan da ba a samun kayan gyaransa a Sabon Gari, kuma babu makanikin da ya san cikinsa, ko kyauta aka ba manomi an ba shi wahala. Araha dai ba ta ado.

Sai kuma lokaci. A cewarsa, nan ne sayayyar ayyukan yanayi ta sha bamban da sayen kujerun ofis. Kujera ko yaushe ta zo za a zauna a kai. Dashen itace kuwa sai damina ta kankama, cikin Yuni ko Yuli, domin ya kama ƙasa kafin ruwa ya ɗauke. Magudanar ruwa da rani ake gina ta. Injin ban-ruwa kuma ana son ya iso hannun manomi da kaka, kafin a fara rainon tumatir da albasa. Jami'in da ya san aikinsa daga ranar shuka yake lissafi ya koma baya, ya ga cewa dashen da ake so cikin Yuli sai an fara takardunsa tun sanyin hunturu bai wuce ba.

Ya ba da labarin abin da ya taɓa faruwa a hannunsa yana matashin ma'aikaci, a wani wuri da bai ambaci sunansa ba. Ya ce an bi kowace ƙa'ida, babu wanda ya ci ko sisi, amma fayil ya yi ta kwana a tebur daga wannan ofis zuwa wancan, har motar dashe ba ta isa ƙauyen ba sai ƙarshen Satumba. Mai gari ya dangwala yatsa cewa ya karɓa, aka biya ɗan kwangila, aka rubuta a rahoto an dasa. Da ya koma cikin bazara sai ya tarar da ramuka da ledoji, 'yan tsirarun da suka rayu kuma awaki sun gama da su. Ya ce har yau abin yana damunsa, domin a takarda aikin ya yi kyau. Tun daga ranar ya koyi abu biyu. Na farko, jinkiri ma ɓarna ce. Na biyu, a kwangilar dashe a rubuta cewa ba za a biya cikon kuɗi ba sai an dawo bayan rani an ƙirga itatuwan da suka rayu.

HANYOYIN MACUTA

Malamin ya ce ba zai ɓoye ba, duk da waɗannan matakai masu son zuciya suna da dabaru, kuma ya kamata jama'a su san su. Akwai mutum ɗaya mai kamfani uku, ya kawo farashi uku da hatimi uku, alhali aljihu ɗaya ne. Akwai daddatsa babban aiki a mai da shi ƙanana, don a kauce wa buga sanarwa a jarida. Akwai wanda ke karya farashi ya sami aiki, in ya fara sai ya dawo yana neman ƙari. Akwai mai nuna samfuri mai kyau a ofis, ya kai jabu ƙauye. Akwai kuma mafi sauƙi duka, wato a rubuta 500 a takarda a sauke 300 a ƙasa.

Ya ce ma'aikacin Bankin da ke Abuja ko Washington yana iya kama wasu daga cikin na farkon ta hanyar duba takardu. Amma biyun ƙarshe ba mai kama su sai wanda ke tsaye a wurin da aka sauke kaya.

MUTUM NA ƘARSHE A LAYI

A nan ne ya juyo ga mahalarta ya ce duk jerin ma'aikatan da ya lissafa bai cika ba sai da mutum na ƙarshe, wato shugaban ƙungiya ko sakatarenta ko mai unguwa ko shugabar mata da ake miƙa wa biro a ce sa hannu nan. Wannan 'yar takarda ita ce akanta ke jira ya biya. Wanda ya sa mata hannu ya zama shaida, kuma in an zo bincike sunansa za a fara karantawa.

Ya ce wannan ba sabon nauyi ba ne ga mutanen Jihar Kaduna, domin a shirin Fadama na biyu da aka fara a 2004, ƙungiyoyin manoma da kansu suke zaɓen abin da suke so, su ba da nasu kason kuɗi, su nemo farashi. Waɗanda suka riƙe littafi da kyau sun amfana, waɗanda suka bar wa mutum ɗaya kome kuwa rigima ta watsa su.

Saboda haka ya ba da shawarwari biyar. A nemi sanin abin da aka yi alkawari tun kafin mota ta zo, nawa ne, wane iri ne. A karanta allon da ake kafawa a bakin aiki, a kwafe sunan ɗan kwangila da ranar gamawa cikin littafin ƙungiya. A ƙirga kaya a gaban mutum uku ko fiye, da mace a cikinsu, a tayar da inji a ga ya jawo ruwa. A rubuta adadin da aka gani da ranar da aka gani, a kuma karɓi kwafe. Kada kuma a taɓa sa hannu a farar takarda ko wadda aka bar gurbin adadi a buɗe, ko da an ce za a cike a ofis.

TAMBAYOYI

Da aka ba da damar tambaya, wata dattijuwa ɗalibar ajin manya daga wajen Ƙofar Gayan ta ce, Allah ya gafarta Malam, idan ta ƙi sa hannu aka kwashe kayan aka kai wata unguwa fa, me za ta gaya wa matan da suka zaɓe ta? Malamin ya ce Hajiya ta yi tambayar da ke zuciyar kowa. Ya ce ba sai ta ƙi karɓa ba. Ta karɓi abin da aka kawo, amma ta rubuta da hannunta cewa 300 ta gani, ta sa hannu a ƙarƙashin wannan adadi. Sa'an nan ƙungiya ta kai kuka a rubuce, domin kowane shiri na Bankin Duniya wajibi ne ya tanadi hanyar karɓar koke-koke tun daga unguwa har jiha, wanda bai gamsu ba kuma yana da ikon rubuta wa Bankin kai tsaye. Ya ce kukan mutum goma masu kwafen takarda ya fi na mutum ɗari masu cewa an ce.

Wani mai unguwa ya ce, to idan kwalbati ta tsage bayan ɗan kwangila ya kwashe kayansa fa? Malamin ya ce, ranka ya daɗe, a ƙa'ida akan riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har tsawon wani wa'adi, galibi shekara guda, domin aikin ya ga damina. Duk abin da ya lalace cikin wannan wa'adi shi zai gyara da kuɗinsa. Amma in ba a kai rahoto da wuri ba har aka sallame shi, ya zama ihu bayan hari.

Wani saurayi kuma ya ce, Baba, yaya mutum zai zama jami'in sayayya? Malamin ya yi murmushi ya ce ba sai ya yi nisa ba. A 2020 Bankin Duniya ya amince da shirin SPESSE na Dala miliyan 80 don horar da ma'aikatan sayayya da na kula da muhalli da walwalar jama'a a jami'o'i shida na ƙasar nan, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana cikinsu. Ya ce ana bukatar lissafi da Turanci da sanin kwamfuta da sanin kasuwa. Sai dai ya gargaɗe shi cewa kujerar tana da zafi, domin wanda zai fara zuwa neman alfarma ba baƙo ba ne, kawunsa ne ko abokin mahaifinsa, kuma wanda ba ya iya cewa a'a cikin ladabi gara ya nemi wata sana'a.

A ƙarshe malamin ya roƙi malaman azuzuwan manya da su nemo samfurin takardar karɓar kaya da ta kammala aiki su riƙa koyar da ɗalibai da su, a nuna musu inda ake rubuta adadi da inda ake rubuta kwanan wata da inda ake sa hannu. Ya kuma roƙi masu unguwanni da su ware littafi guda na ayyukan gwamnati, wanda zai zauna a unguwa ko da an canja shugabanni. Shugaban taron ya yi masa godiya a madadin mahalarta, sa'an nan aka rufe da addu'a gab da la'asar.